Ƙullin Goro a Jikin Tuta

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta rufe lakwal ba, wato makarantar boko, ko da yake Allah ya sani na gwada mantawar. Shekara uku ke nan bayan gobarar Rood Woko, babbar kasuwarmu ta Wagadugu, wadda ta cinye rumfata ta goro, ta dawo da ni ƙofar gida a Zongo da ɗan tebur da faifai biyu. Mai ɗakina, Hajara, ta riga gobarar tafiya da shekara biyu. Gida mai ɗaki huɗu, ni kaɗai a ciki, sai rediyo da wata tsohuwar kaza da ta daina ƙwai (ban yanka ta ba, don ita kaɗai ke amsa mini in na yi magana).

Ɗana namiji ɗaya ne, Habibu. Lungu huɗu ne tsakanin gidansa da nawa, amma da a Abijan yake zaune da na fi ganinsa. Laifina ne, kuma tunda na ɗauki biro zan faɗa. Yana aji shida, saura wata biyu su rubuta jarrabawar fita, na cire shi daga lakwal na zaunar da shi a rumfa yana ɗaure mini huhun goro. Mushensu, wato malaminsu na boko, ya zo har kasuwa sau biyu yana roƙona, ya ce yaron nan kansa na ja. Na cika masa hannu da farin goro, na ce masa kakana da goro ya zo garin nan, ubana da goro ya gina gida, ni ban ga takardar da ta gina wa kowa ɗaki ba. Shekara tara Habibu ya yi yana ɗaurin huhu, sannan ya tafi ya koyi tuƙi, ya zama direban babbar motar da ke kwasar dutse daga Pisi. Lokacin da uwarsa ke raye yakan zo ya gaishe ta, ni kuma in sami ragowar gaisuwar. Da ta rasu, zuwan ya rasu tare da ita.

Abin da ya rage mini shi ne ranar Alhamis. Ranar ce yara ba su da lakwal, kuma ranar ce surukata Rakiya, Allah ya saka mata, ke aiko mini da abinci ta hannun 'yarsu. Sunan Hajara aka sa wa yarinyar, shi ya sa ake ce mata Ummi. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin, siririya, mai saurin tafiya kamar ana jiran ta a wani wuri.

“Kaka, ga tuwonka. Mama ta ce a gaishe ka.”

“Amaryata, haka za ki ajiye wa mijinki kwano ki juya?”

“Ni ban son tsoho mai jan haƙori,” in ji ta, ƙafarta ɗaya har ta kai zaure.

Sai na lura da wani abu. In na fara labari, takan tsaya. In labarin ya yi daɗi, takan zauna a bakin tabarma. Kuma cikin duk labaran da na gwada, na fatauci da na aljanun hanyar Kumasi, babu wanda ya zaunar da ita kamar labarin lakwal ta zamaninmu. Ba ta taɓa zaton kakanta mai goro ya riƙe allo da alli ba.

Na riƙe kuwa, shekara uku cif. Ba son ubana ba ne, mai unguwa ne ya ce kowane gida ya ba da yaro, aka duba aka ga ni ne ba a rasa komai in na tafi. Lokacin ƙasar ta sami 'yancin kai ba da daɗewa ba, sunanta ma ba wannan ba ne, tutar kuma baƙi ce da fari da ja. Kullum da safe mu jeru a fili ƙafa ba takalmi, a yi taken ƙasa, sannan mu ɗora hannun dama a ƙirji mu karanta wani alkawari ga tuta wanda Mushenmu ya tsara da kansa cikin Faransanci, ya sa mu haddace da tsumagiya. Ni kalma uku na farko na riƙe, da ta ƙarshe. Tsakiyar kuwa sai in riƙa motsa baki kamar mai taunar goro, in an zo ƙarshe in ɗaga murya fiye da kowa. Wata shida ina cin nasara a haka, har ranar da Mushe ya zagayo ta bayan layi ya kawo kunnensa daidai bakina. Bai ji komai ba sai numfashi. A gaban tutar ya kwantar da ni.

Mai ɗaga tuta a zamaninmu wani yaro ne ana ce masa Isufu, ɗan wani tela da ya zo daga Nijar. Shi ba a buɗe yake jan ta ba. Yakan naɗe ta ƙanƙanuwa, ya zagaya mata igiya da wani ƙulli mai zamewa, ya ja ta sama a dunƙule, sai an kai kalmar ƙarshe ta take ya fizgi igiyar, tuta ta buɗe fat! a sararin sama. Har manya kan tsaya a bakin shinge don kallon wannan buɗewar. Ni aikina a wurin shi ne riƙe gwangwanin da ake ajiye tutar, don ni ne mai tsawo, kuma Mushe yana so in tsaya inda zai gan ni.

To, a bakin tabarmata ranar Alhamis, sai ni da Isufu muka yi musayar aiki. Ban shirya ba, haka kawai na ji bakina ya ce, “Ni ne mai ɗaga tuta.” Isufu ya daɗe da rasuwa, Mushe ma haka, babu mai ƙaryata ni sai kaza. Kowane mako labarin na ƙara ƙiba. Har na kai ga cewa wani babban mutum ya taɓa zuwa daga gwamnati ya shafa kaina.

Wata Alhamis cikin farkon damina Ummi ta shigo da gudu, miya har ta zuba a murfin kwano.

“Kaka! Ni ce ta ɗaya a kilas! Madam darakta ta ce ranar rufe lakwal ni zan ɗaga tuta, ni kuma zan ja wa yara alkawari, gaban iyaye duka!”

Na yi mata barka, na ce jinina ne, dole. Sai ta rage murya.

“Papa ya ce in kana so ka zo.”

Na ajiye goron da ke hannuna. “Wa ya ce?”

“Papa.”

“Da bakinsa?”

“Mama ce ta fara maganar. Shi kuma daga baya ya ce, to, ya zo.”

Sau uku na sa ta maimaita mini. Shekara biyar Habibu bai aiko mini da ko gaisuwar Sallah ba, yau ga shi ya ce in zo. Mai hankali da sai ya karɓi wannan da hannu biyu, ya kai rigarsa wurin mai guga, ya rufe bakinsa. Ni kuwa sai na gyara zama na ce, “Yanzu yaya kuke ɗaga ta?”

“Ana ɗaure ta sama da ƙasa, sai a ja.”

“A buɗe? Kamar shanyar zane?”

“Haka kowa ke yi, Kaka.”

“Shi ya sa ba mai tunawa da kowa. Ke ki bar mini naɗin da ƙullin. Naki kawai ki ja a hankali, in take ya ƙare ki fizga sau ɗaya. Ubanki zai ga abin da bai taɓa gani ba.”

(Wannan maganar tawa ta ƙarshe, ita kaɗai ce ta cika.)

Ta ce Madam, shugabar lakwal ɗin, ba ta son a canza abu. Na ce ai ba canji ba ne, asalin abin ke nan, su ne suka manta. Ta dube ni da idon nan na yaro da bai taɓa kama babba da ƙarya ba, ta ce, “To, Kaka, tunda kai ka iya.”

Kwana tara na yi ina koyon abin da na ce na iya. Na ɗauko tsohon ɗankwalin Hajara daga akwati, na kwance igiyar guga, na jefa ta kan reshen dogon yaro na tsakar gida. In rufe ido ina neman yatsun Isufu a cikin kaina, bayan shekara arba'in da biyar, alhali ko a wancan lokacin ba yatsunsa nake kallo ba, tsumagiyar Mushe nake kallo. Wani lokaci ɗankwalin ya buɗe tun bai bar hannuna ba. Wani lokaci ya buɗe a tsakiyar hanya. Can ba a rasa ba ya kai sama ya buɗe daidai, ni kuma in juya in dubi kaza kamar ita ce taron iyaye. Na ce wa kaina ya isa, hannu ya tuna.

Ranar Asabar, ana idar da sallar asuba na sa babbar rigata ta shadda mai ruwan bula, wadda rabona da ita tun Hajara na raye. Lakwal ɗin ba nisa, a nan cikin Zongo take. Mai gadinta wani dattijo ne Bamoshe da ke sayen goro a teburina, kuma shi ke ajiye tutar a ɗakinsa. Na ba shi manyan farare guda biyu, na ba shi labarina da Mosanci (har da babban mutumin da ya shafa kaina), ya miƙo mini tutar a cikin leda ba tare da gardama ba. Ummi ta zo da wuri kamar yadda muka yi, kitsonta sabo, rigarta ta sha guga har tana tsayawa da kanta.

Na ɗaure tutar a igiya sama da ƙasa, na naɗe ta, ja a ciki kore a waje, na yi ƙullin nan mai zamewa. Sai wata iska ta taso, irin ta gaban hadari, ta kaɗa naɗin, na ga gefe ɗaya ya fara leƙowa. Na ce kada abin nan ya buɗe a rabin sandar tuta mu ji kunya, bari in ƙara zagaye ɗaya kawai.

Daga nan ban san abin da ya faru ba, hannuwana ne suka karɓi aikin. Shekara arba'in suna ɗaurin huhu: zagaye biyu, a gicciya, a tura ta ƙasa, a danne da gwiwa, a ja. Wanda bai san goro ba bari in gaya masa, huhu kan taso daga kurmi a bayan mota, ya sha rami da ruwan sama da hannun 'yan dako, ya iso Wagadugu ganyensa bai motsa ba. Amfanin ƙullinmu ke nan, duk yadda aka ja shi ƙara kamawa yake. Na duba aikina na ga ya yi kyau, dunƙulalle, kafaɗunsa daidai. Raina ya yi fari. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ya yi mini kama da abin da na sani ba.

“Kaka, zai buɗe kuwa?”

“Amaryata, kafin a haifi ubanki nake wannan aiki.”

Iyaye suka taru a ƙarƙashin rumfar tampol, kan kujerun ƙarfe. Na hango Habibu ya shigo da Rakiya, ya sa farar taguwa, gashin kansa har ya fara furfura ta gefe, ban ma san ya fara ba. Rakiya ta durƙusa ta gaishe ni. Shi ya tsaya, ya ce, “Baba, ka zo.”

“Na zo.”

Shi ke nan. Amma da ya ga rana na dukan kujerata, ya ɗauko wata ya ajiye mini a inuwa, ya koma can gefe ya zauna. Na zauna a kujerar nan kamar an naɗa ni sarauta. A gefena wata Hajiya ce mai jiki, mai sayar da atamfa, da wani ɗaurin kai da ya isa ya yi wa mutum biyu inuwa.

Aka busa usur, kowa ya miƙe. Kun san yadda abin yake a garin nan, in ana ɗaga tuta ba na cikin lakwal kaɗai ke tsayawa ba. Mai wucewa a titi ya tsaya, mai mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, ya kashe ta ya sauka, mai turin ruwa ya saki amalankensa, ba mai motsi sai tuta ta hau. Ta kan katanga ina hango kawunansu a jere cikin rana.

Yara suka ɗauki take, Ummi ta fara ja a hankali, hannu bayan hannu, daidai yadda na gaya mata. Madam darakta, wadda tun safe take fama da karɓar baƙi, sai yanzu ta ɗaga kai ta ga abin da ke hawa sandarta. Hajiya ta karkato wurina.

“Wannan kuma fa? Ƙunshin wa ake aikawa sama?”

Na yi murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. “Hajiya, ke dai zuba ido.”

Take ya ƙare. Ummi ta fizga. Ƙunshi ya yi ɗan tsalle, ya koma ya zauna. Ta sake fizga. Ya juya hagu, ya juya dama. A lokacin ne na gane shi, daga nan ƙasa, kamar yadda mutum ke gane ɗansa a cikin kasuwa.

Su kuwa yara an hore su wata guda cur, take na ƙarewa sai alkawari. Ba su jira kowa ba, suka ɗora hannu a ƙirji, suka ɗaga kai, suka fara yi wa huhun goro alkawari da murya ɗaya. Ummi ce ya kamata ta ja musu, amma muryarta ta tafi. Ta kama igiya da hannu biyu tana rataya da dukkan nauyinta, ni kuma na san kowane ja ƙara kulle shi yake. Dariya ta fara daga layin ƙananan yara, ta bi layi layi har ta cinye alkawarin. Wani daga bayan katanga ya ɗaga murya da Mosanci, “An gama ne, ko mu ci gaba da tsayuwa?” Wata mata ta amsa masa cewa ita ƙanƙara ta ɗauko, tana narkewa a kanta.

Madam ta tako tsakiyar fili, takalminta na ƙwas ƙwas, ta manta lasifika na hannunta a kunne. Don haka duk unguwa ta ji.

“Wa ya ce ki yi haka? Wa ya ɗaure wannan abu?”

Ummi ta juyo. Cikin duk taron nan ni ta nema, kuma ta same ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon mai jiran a zo a cece shi ne. Ni kuwa, da farin gemuna da shaddata mai ruwan bula, sai na ja da baya kaɗan na shige bayan ɗaurin kan Hajiya, na sunkuya ina duba takalmina kamar ƙaya ta shiga.

Na ji ta ta lasifika, murya 'yar ƙarama: “Ba kowa, Madam.”

Ƙullin kuskure ne, kowa na iya yi. Wannan sunkuyon kuwa ba hannu ba ne ya yi shi, ni ne.

Aka sauko da ƙunshin. Mai gadi ya ɓace can bakin ƙofa, ya sami aikin da ya fi ƙarfinsa. Mushe uku suka taru a kai, ɗaya da farce, ɗaya da makullin mobilet, ɗaya har da haƙori. Wani ya ce a kawo wuƙa, Madam ta ce ba mai kusantar tutar ƙasa da wuƙa a gaban baƙi. Mutanen titi suna nan tsaye.

Sai na ga farar taguwa ta miƙe. Habibu ya ratsa fili, ya ce su ba shi. Ya juya ƙunshin sau ɗaya a hannunsa, ya tsaya cak. Shekara tara yana yin wannan ƙullin tun safe har la'asar, a ranakun da sa'o'insa ke cikin aji. Bai dube ni ba. Ya sa babban yatsa ƙarƙashin zagaye na biyu, ya tura maimakon ya ja, igiya ta saki kamar ba ita ba. Tuta ta fito a yamutse kamar an kwana a kanta. Ya miƙa wa Madam, ya yi mata magana da Faransanci mai kyau, wanda ban san yana da shi ba. Abin da na tsinta shi ne, wannan ba hannun yarinya ba ne.

Amma Ummi ta riga ta rushe da kuka, ba ta ko iya riƙe igiya. Madam ta kira yarinyar da ta zo ta biyu. Aka sake take, aka ja tuta a buɗe, kamar shanyar zane, ta hau lafiya lau, ta kaɗa abinta. Mutanen titi suka tada mobilet ɗinsu suka tafi.

Sai a lokacin jarumtata ta iso. Aka zauna, ni na miƙe, na ɗaga yatsa ɗaya sama yadda Mushe ya koya mana, na ce, “Madam, ni ne.” Amma wani baƙo ya riga ya karɓi lasifika ya fara jawabi, ba wanda ya ji ni sai Hajiya. Ta ja gefen rigata.

“Ai mun sani, Baba mai goro. Zauna, kana tare mini.”

Ummi ta karɓi kyautarta ta littattafai da kumburarrun idanu, ba ta dubi ɓangarenmu ba. Da aka tashi na so in sulale, amma Habibu ya same ni a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

“Baba, ni ka fitar da ni daga lakwal, na haƙura. Ita kuma sai ka biyo ta har ciki?”

“Na so ne in...”

“Ka so. Kullum ka so.”

Ya juya. Na dawo gida ni kaɗai, shaddar nan na jan ƙasa, na ninke ta na mayar akwati.

Alhamis ta zo, aka yi sallama, na miƙe har ina tuntuɓe. Rakiya ce da kwano. Ta durƙusa, ta ajiye, ta gaishe ni.

“Ina amaryata?”

“Tana gida, Baba. Hutu suke.”

“Ko ba ta da lafiya?”

“Lafiyarta ƙalau.”

Haka Alhamis biyar. Tuwon Rakiya bai canza ba, amma sai in ci loma uku in tura wa kaza. A unguwa kuwa suna ya bi ni. Masu sayen goro su ce, “Baba, a ƙulle mana, amma irin mai buɗewa.” In yi dariya tare da su, in sun tafi in zauna ina kallon lungun da take ɓullowa.

Wata Lahadi bayan azahar, ranar da na san motar dutse ba ta fita, na taka lungu huɗun nan. Ban taɓa shiga gidan ba, sai da na tambayi wata mai tuyar ƙosai wace ƙofa ce. Na yi sallama. Rakiya na wanke-wanke, Ummi na tsintar shinkafa a faranti, Habibu na zaune a tabarma yana gyaran wata fitilar mota. Duk suka tsaya. Aka ba ni wuri, na ƙi zama.

“Ummi, wurinki na zo. Ranar nan kin dube ni, na ɓuya. Ki yafe mini.”

Ta ci gaba da tsintar shinkafa.

“Kuma akwai wata. Ni ban taɓa ɗaga tuta ba. Wani yaro ne Isufu. Ni gwangwani nake riƙewa.”

Hannunta ya tsaya. “Babban mutumin da ya shafa kanka fa?”

“Ba wanda ya zo. Mushe ne kawai ke taɓa kaina, shi ma ba shafawa ba.”

“To, Kaka, me ya sa ka ce kai ne?”

Na ce, “Don in kin kawo tuwo ki zauna.”

Rakiya ta juya mana baya tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Can Ummi ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, “Da ka ce in zauna kawai.”

Wallahi wannan dabarar ba ta taɓa zo mini ba.

Tunda na riga na tuɓe girman, sai na juya wurin ubanta. Na ce, “Kai ma na cuce ka. Ranar da Mushenku ya zo kasuwa, shi ke da gaskiya. Na sani tun a lokacin, girman kai ne ya hana ni.”

Ya daɗe yana juya fitilar a hannunsa.

“Shekara ashirin da uku, Baba.”

“Na sani.”

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba. Muna nan haka ladan ya kira la'asar. Ya ajiye fitilar, ya ɗauko buta biyu, ya ajiye ɗaya a gabana. Muka yi alwala, muka fita, yana gaba da taku biyu. A masallaci akwai wuri ko'ina, amma da aka tada sahu sai na ji kafaɗarsa a jikin tawa. Raka'a huɗun nan ban san me liman ya yi ba, Allah ya yafe mini. Da aka sallame ya ce, “Sai an jima, Baba,” ya bi lungunsa, na bi nawa.

Ummi ba ta sake samun igiyar tuta ba, don a shekarar da ta biyo wata ce ta zo ta ɗaya, kuma wannan ba abin da zan iya mayar mata ba ne. Karatunta dai ya yi nisa, ya wuce inda nake iya ganewa, kuma ba a taɓa neman shawarata a kai ba, abin da nake ganin ya taimaka ƙwarai.

Abin da na koya, da tsufana, ba shi da yawa. Ƙaryar tsoho ba a kansa take faɗuwa ba, a kan wanda ya yarda da shi take faɗuwa. Sannan in an gayyace ka kallo, to kallon aka gayyace ka. Yanzu duk taron da na je, suna ne ko ɗaurin aure ko na lakwal, ina zama nake tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina in danne su. Mutane na zaton sanyin ƙashi ne ke damuna, ni kuma ban gyara musu ba.